Hutun Dogo Mai Niƙa a Gungun Giginya

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan tsohuwar kasuwar Kontagora ya san Dogo. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, sunan kakansa ne aka liƙa masa tun yana goye, ya bi shi har furfura. Sunansa na yanka Nuru, amma in ka shiga kasuwa kana cigiyar Malam Nuru sai ka wuni ba wanda ya nuna maka shi.

A Kaboji aka haife shi, gidan noma. Ya shigo Kontagora yana saurayi, ya yi dako, ya yi yaron mota a hanyar Sahon Rami, daga baya ya zauna wurin wani mai injin niƙa ya koyi aikin, har ya tsaya da ƙafarsa ya kafa nasa. Tun daga nan rayuwarsa ta koma ƙara. Inji na ruri daga hantsi zuwa magariba, mata na layi da ƙwarya da bokiti, kowa na ɗaga murya don a ji shi. Wannan ta ce a maimaita mata, nata bai yi laushi ba, waccan ta rantse an gauraya mata dawa da masarar wata. In ya kashe inji ya nufi gida, fari fat da gari har gira, sai ya tarar da wani taron a ƙofar gida. Dogo bai iya cewa a'a ba, kuma mutane sun gano haka da wuri. Mai son a raka shi neman aure, mai rigimar iyakar gona, ɗan Kaboji da ya zo ganin likita ba shi da masauki, duk a tabarmarsa suke sauka. Yana tsaki, yana mita, yana kuma yin abin da aka roƙe shi.

Matarsa Salihatu ta rasu a tsakiyar damina, bayan ɗan gajeren ciwo da ba wanda ya ɗauka zai kai ga haka. Tare suka yi ƙuruciya, tare suka tsufa, bai taɓa zama da wata mace ba sai ita. Ranar da aka kai ta, Dogo ya tsaya a bakin kabari idonsa a bushe, ba don ƙarfin hali ba, abin ne bai gama shiga kansa ba. To, sai jama'a suka ɗauka dauriya ce. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya yaba: Dogo namiji ne, Dogo akwai tawakkali, ko ƙwalla bai yi ba. Wani limami ma ya kafa misali da shi a wurin wata jana'izar. Kafin mutumin nan ya farga an riga an ɗaure shi da yabo, an kuma kewaye shi da mutane.

Abin da Dogo yake so bai da yawa. Wuri yake nema da ba ido ba kunne, ya zauna shi kaɗai ya yi wa matarsa kuka. Abin na nan tokare a ƙirjinsa, yana tashi da shi, yana kwana da shi, abinci ma da ƙyar yake wucewa. Amma ina? 'Yarsa Bashira ta tare a gidan da 'ya'yanta don kada Baba ya yi kaɗaici. Abokansa sun raba zama a tsakaninsu, wannan na tashi wancan na shimfiɗa buzu. In ya ce zai leƙa maƙabarta, kafin ya sa takalmi mutum uku sun miƙe za su raka shi. In ya shige ɗaki ya tura ƙofa, sai a ƙwanƙwasa a tambaye shi ko lafiya. Duk don ƙauna ake yi, shi ya sa ma abin ya fi ci masa rai, don ba wanda zai iya yi wa faɗa.

Ɗansa Muntasir, mai sayar da wayoyi a Minna, shi ya kawo zancen hutu. Ya zo gida ya ga uban ya rame, ya ce abin da Baba yake buƙata ke nan, ya bar inji ya tafi wani wuri ya huta. Dogo ya dube shi sama da ƙasa. A saninsa hutu na 'yan makaranta ne da ma'aikatan gwamnati. Mutum mai hankali in ya ɗauki jaka, to biki ne, ko ta'aziyya, ko fatauci, ko asibiti. Yaron bai karaya ba, ya zaro waya ya shiga nuna masa hotunan tsibiran ƙasashen waje inda masu hali ke zuwa shan iska: farin yashi, shuɗin ruwa, itatuwan kwakwa. Dogo bai damu da yashin ba, Kontagora ma akwai yashi. Abin da ya tsare masa ido wata kujera ce a bakin ruwa, ita kaɗai, ba kowa kusa da ita har iyakar hoton.

“Nan wurin ba mutane?” in ji shi.

“Babu, Baba. Don haka ma ake zuwa.”

Dogo ya miƙa masa wayarsa, amma maganar ta zauna masa. Tsallaka teku dai ba nasu ba ne, shi da ɗan duk sun sani. Sai ga Silas, wani direba Bakambare da ke ɗauko bandar kifi daga bakin tafkin Kainji ta wajen Auna, tsohon abokin hirar Dogo a bakin inji. Da ya ji zancen ya yi dariya ya ce ai ba sai an je nesa ba. Akwai wani tsibiri a cikin tafkin, Gungun Giginya, gidajen masunta ne 'yan kaɗan, ba mota, ba babur, waya ma ba ta kamawa. Yana da mutumi a can, wani dattijo da kowa ke kira Kawu, zai sauke shi hannu biyu.

Fitar da Dogo daga unguwa ta zama aiki. Da ya ce zai je hutu, aka tambaye shi wa ya rasu a can. Ya ce ba kowa. Aka ce to wa ya haihu. Ya ce ba kowa. Sai aka fara kallon juna. Wasu suka ce aure zai ƙara yana jin nauyin faɗa, wasu suka ce wani ciwo ne yake ɓoyewa zai je neman magani wurin masu ruwa. Maƙwabcinsa ya ce ko ma mene ne ba za a bar shi ya tafi shi kaɗai ba, har ya sa an wanke masa riga. Dole Dogo ya faɗi ranar tafiya ta ƙarya, ya sulale kafin ta zo, da 'yar jaka da butarsa, ya shige gaban motar Silas yana sunkuyar da kai kamar wanda ya ɗauki kayan wani.

Ƙarshen damina ne, tafki ya cika ya batse. Daga bakin gaɓa suka hau jirgi mai inji, Dogo ya riƙe katako da hannu biyu yana salati, don shi ruwan da ya fi na rafin Kaboji bai taɓa shiga ba. Da suka matso tsibirin mai jirgi ya kashe inji, jirgin ya ci gaba da sulalawa da kansa. A nan Dogo ya ji abin da ya manta akwai shi a duniya. Shiru. Ba abin da ke motsi sai ruwa na lasar gefen jirgi da wani farin tsuntsu da ya tashi daga cikin ciyawa. Ga giginyu tsaye, ga mangwaro da ayaba sun yi duhu, ga farin yashi shimfiɗe a bakin ruwa. Har ƙugin da inji ya bar masa a kunne ya ji shi sarai. Ransa ya yi sanyi, ya ce a zuci Allah ya yi wa Silas albarka.

Da ya san abin da Silas zai yi da bai yi saurin sa albarkar ba. Suna sauka Kawu ya tarye su, dattijo siriri mai farin gemu, Hausarsa da ɗan karin harshen mutanen ruwa. Bayan gaisuwa Silas ya ja Kawu gefe suka yi ƙus-ƙus. Dogo ya ɗauka zancen kifi ne. Ashe cewa ya yi baƙon nan matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, don Allah a kula da shi. Ya faɗa da kyakkyawar niyya, ya koma jirgi, ya ce zai dawo ɗaukarsa in ya zo lodin mako mai zuwa.

Su kuwa mutanen Gungun Giginya suna da abu biyu da ba sa wasa da su. Baƙo ba ya zama shi kaɗai, in aka gan shi haka an ci mutuncin mai masauki. Mai sabon rashi kuma ba a barinsa ya zura wa ruwa ido, don sun ce ruwa na jan zuciyar da ke da ciwo. Dogo ya haɗa duka biyun, shi kuma bai sani ba.

Washegari da hantsi ya hango wani mangwaro can ƙarshen yashi, nesa da gidaje. Ya je ya zauna ya jingina, ya miƙe ƙafa, ya kalli ruwa. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Abin da ke ƙirjinsa ya fara motsi, ya fara hawowa maƙogwaro, idonsa ya fara zafi. Sai ya ji sallama. Kawu ne da tabarma a hammata. Ya shimfiɗa, ya zauna, ya tambayi kwanan baƙo, da gajiyar hanya, da mutanen Kontagora, da yadda damina ta yi a tudu. Bai gama ba liman ya iso, aka sake gaisuwar daga farko. Bayansa wani mai gyaran raga ya jawo aikinsa ya dawo da shi gindin mangwaron. Kafin azahar wurin ya zama majalisa, har da mai kawo gasasshiyar karfasa. Dogo ya mayar da hularsa, ya haɗiye abin da ya taso, ya amsa gaisuwa.

Ya ce a ransa ɗokin baƙo ne, zai wuce. Bai wuce ba. Ya sauya wuri ya koma bayan giginyu, aka same shi. Ya hau wani dutse ta gabas, ya tarar an riga shi, wani na zaune yana jiransa da murmushi. In magidanta suka fita kamun kifi, tsofaffi su karɓa. Akwai wani tsoho da ko Hausar kirki ba ya ji, shi aikinsa ya zo ya zauna dab da Dogo, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya yi ta tari yana kallon inda Dogo ke kallo. In Dogo ya matsa shi ma ya matso. Ranar da Dogo ya gwada cewa yana son ya ɗan zauna shi kaɗai, sai Kawu ya yi dariya ya ce wannan kunya ce irin ta mutanen birni, ya saki jiki, nan gidansa ne, ba ya takura wa kowa. Dogo ya bar Kontagora don gudun tabarma ɗaya, ga shi tsibiri guda ya zame masa tabarma.

Sai dabara ta zo masa. Akwai abu guda da in mutum ya ɗauka ba mai binsa, ko a birni ko a ƙauye: buta. Ya cika butarsa ya nufi cikin ciyawa, ba wanda ya motsa. Dogo ya ji kamar ya taka rawa. Ya sami wani kututture ya zauna. Sai dai wurin da ake zuwa da buta ba wurin tuna mace mai daraja ba ne, ga ƙuda, ga kuma sanin cewa in ya daɗe za a yi magana. Duk da haka ya fi babu. Ya dawo, ya jima kaɗan, ya sake ɗaukar buta. Ya sake. Kafin la'asar ya yi sawu da dama, yana jin ya ci nasara.

Lahadi, matar Kawu, tana lura da duk fitar da ya yi. Da yamma sai ga ta da ƙoƙo cike da wani jiƙo baƙi ƙirin, ta durƙusa daga nesa ta ce ruwan tafki ne bai karɓe shi ba, haka yake yi wa mutanen tudu, ya shanye zai tsaya. Dogo ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce haka duk suke cewa. Majalisa ta zuba masa ido, kowa na yi masa sannu. Ya rufe ido ya kafa kai. Ɗacin ya kai masa har ƙeya, kuma maganin na da kyau, don cikin da ba abin da ya same shi ya ɗaure tamau har ya bar tsibirin. Daga ranar aka hana shi kifi mai mai, aka koma ba shi kunu tsararo. Butar ma ta daina aiki, don yanzu in ya ɗauka sai a sa wani ya bi shi daga nesa, kada jiri ya kwashe shi. Yana zaune a kan kututture yana jin mutum a bayan ciyawa yana gyaran murya, don ya san ba a yashe shi ba.

Bai gama jinyar wannan ba aka gano sana'arsa. Wani ne a majalisa ya tambaya, shi kuma bakinsa ya riga hankalinsa. Ashe akwai injin niƙa a tsibirin, a wata rumfa bayan masallaci, ya mutu tun bara. Mata sun koma turmi, ko su tsallaka da hatsi a jirgi. Lahadi ta zo da wasu mata suka tsaya daga gefe, Kawu ya isar da roƙonsu. Dogo ya ce shi hutu ya zo. Aka juya maganar, sannan liman ya ce ai shi ya sa, tunda ba abin da yake yi. Ya ce ba shi da kayan aiki. Aka kawo na masu injin jirgi. Ya ce sai ya gani tukuna, ba alkawari. Yana faɗa yana jin haushin kansa, don ya san ƙarshen zancen.

Ba wani abu ne ya kashe injin ba, datti ne ya toshe kafireto, fulogi ya yi baƙi, bel ya saki. Hannunsa ya yi aikin ba tare da ya nemi shawararsa ba. Ya ja igiya, injin ya yi tari, ya sake ja, ya kama. Ƙarar ta tashi ta cika tsibirin daga wannan baki zuwa wancan, tsuntsaye suka watse daga kan giginyu, mata suka rangaɗa guɗa. Dogo ya tsaya da igiya a hannu yana sauraron irin rurin da ya baro a bayan kasuwa. Shiru guda da ya taɓa samu a rayuwarsa, shi da hannunsa ya kashe shi.

Labari ya bi ruwa. Washegari jirage suka fara isowa daga tsibiran kusa, mata da buhuna da ƙore. Wanda aka ce shi ne mai kula da injin ya ce ba zai taɓa ba alhali ga gwani. Dogo ya wayi gari a bakin inji, fari fat har gira, wata na ce masa nata bai yi laushi ba a maimaita. Kwanakin hutu suna ta zubewa, saura jirgin Silas ya iso gobe da yamma, shi kuwa abin da ya kawo shi na nan a ƙirjinsa yadda ya zo da shi, sai ma nauyi da ya ƙara.

Da la'asar ya kashe inji, ya bar mata a layi, ya nufi bakin ruwa yana taku da ƙarfi. Bai kai ga zama ba ya ji takun Kawu da karkaɗar tabarma. Nan haƙurin Dogo ya ƙare. Ya juya ya ce shi bai san laifin da ya yi wa mutanen garin nan ba. Ya baro gidansa, ya baro sana'arsa, ya hau ruwan da yake tsoro, don kawai ya sami inda zai zauna ba kowa. An tsare shi kamar ɓarawon akuya, an ɗura masa ɗaci, an bi shi har bayan gida. Ya faɗi maganganu da dama da baƙo bai kamata ya faɗa wa mai masauki ba. Kawu na tsaye da tabarmarsa bai katse shi ba.

Da ya lafa, Kawu ya ce, “Malam Dogo, ba tsare ka muke ba. Tsoro muke ji.” Ya ba shi labarin wani ƙanensa da ɗansa ya rasu shekarun baya. Ya riƙa zuwa bakin ruwa yana zama shi kaɗai, aka ce a ƙyale shi ya huce. Wata safiya aka tsinci kwalekwalensa yana yawo ba kowa a ciki. Har yau ba wanda ya san ko tsautsayi ne. Tun daga nan ba su ƙara ƙyale kowa ba.

Kunya ta kama Dogo, amma haushin bai tafi ba. Ya ga in bai faɗa yau ba, haka zai koma da kayansa. Maganar ta yi masa nauyi a baki, don tun da ya girma bai taɓa faɗa wa namiji irinta ba.

“Kawu, ni ba ruwa zan faɗa ba. Ina tsoron Allah, ina tsoron ruwan ma.” Ya kawar da kai. “Kuka nake so in yi. Matata ta rasu ban yi mata kuka ba. Ko'ina na juya da mutum a kaina.”

Kawu ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana murza bakin tabarmar da yatsa. Bai ce a yi haƙuri ba, bai ce sai tawakkali ba, wannan kaɗai ya sa Dogo ya ji dattijon ya shiga ransa. Can ya naɗe tabarmar ya ce su koma, an kusa kiran salla.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, Kawu ya leƙo ya ce baƙo ya zo ya raka shi duba raga. Tsohon nan mai tari ya miƙe zai bi su, Kawu ya yi masa magana da yarensu, ya koma ya zauna. Suka shiga ƙaramin kwalekwale marar inji, Kawu na tuƙi da filafili, har ƙarar injin niƙa, da mai kula da shi ya tayar ran nan, ta koma kamar kukan sauro, daga baya ta ɓace. Suka isa wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, ba gida ba bishiya, sai wani baƙin dutse da 'yar ciyawa. Kawu ya riƙe jirgin Dogo ya sauka.

“Tafiya dai ba zan yi ba, ba zan iya ba,” in ji Kawu. “Amma ina da aiki can gaba. Bayana zan ba ka. In ka gama ka kira ni.”

Ya tuƙa ya yi nisa har ya koma ɗan ƙarami, ya tsaya, ya juya baya. Dogo ya zauna a kan dutsen. Ga ruwa ta kowane gefe, ga sama, ba kowa. Abin da ya yi wata da watanni yana nema ya samu. Ya cire hula. Ya jira.

Ba abin da ya zo. Ya tuno fuskar Salihatu, ya tuno ranar da aka kai ta, ya tuno ɗakinta a rufe. Idonsa ƙamas. Ya yi mata addu'a, ya shafa, ya sake jira. Rana ta fara cizo, dutsen ya ɗau zafi, wasu ƙananan tururuwa suka sami hanyar ƙafar wandonsa. Haushi ya turnuƙe shi, wannan karon ba wanda zai ɗora wa sai kansa. Ya tayar da hankalin 'ya'yansa, ya yi wa maƙwabci ƙarya, ya ci zarafin dattijo a garinsu, an kawo shi har nan, ga shi zaune kamar mai jiran mota. Ya ce a ransa ƙila ma abin ya bushe ne, ya makara.

Ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici ya share gumi, sai yatsunsa suka taɓo wani ɗan abu mai tauri. Maɓallin rigarsa ne. Wurin jan igiyar inji ya tsinke ya faɗi, ya tuna ya sunkuya ya tsince shi a cikin garin niƙa, ya hure, ya jefa aljihu ba tare da tunanin komai ba. Haka yake yi shekara da shekaru. In maɓalli ya faɗi ya adana, in ya koma gida ya miƙa mata ta ɗinke masa.

Ya dubi maɓallin a tafin hannunsa. Wani sauti ya fito masa daga ciki wanda bai san nasa ba ne. Ya yi maza ya cusa hula a baki, don a kwanakin nan ya lura yadda ruwa ke ɗaukar murya, mutum na magana a wancan tsibiri kana ji kamar a gefenka yake. Kawu zai ji. Ya danne, kafaɗunsa na girgiza, numfashi na sarƙe masa, yana kokawa da abin da ya zo saki.

Sai ya ji bugu a kan ruwa. Fam, fam, fam. Ya ɗaga kai. Kawu ne, bayansa a juye, ya ɗaga filafili yana maka wa ruwa da faɗinsa, irin yadda masunta ke yi in suna kora kifi cikin raga. Ragar kuwa tana nan a naɗe a gaban jirgin inda Dogo ya gan ta da suna tahowa, ko jiƙa ta ba a yi ba. Dattijon na ta bugu ba sassauci, ƙarar ta cika wurin har ba a jin komai.

Dogo ya cire hular daga bakinsa. Ya kira sunanta da ƙarfi, ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro a Kaboji, da murya, da majina, ba kyan gani. Ya daɗe a haka.

Da ya ji ya lafa, ya gangara ya wanke fuska, ya kurkure baki, ya mayar da hula ya daidaita ta. Ya miƙe ya kira Kawu. Bugu kawai ke tashi. Ya sake kira, ya ɗaga hannu, ya kaɗa hula. Mutumin da ya ce a kira shi in an gama ya cika duniya da ƙara, ya kuma ƙi waiwayowa. Dogo ya ja dogon tsaki, ya ce wannan gari ko alheri za su yi maka sai sun haɗa da wahala. Ya koma kan dutsen ya zauna zai jira dattijon ya gaji.

Zamansa ke da wuya ya ji ashe da saura. Ya sake cire hular.